Daga huhun goro zuwa jirgin nukiliya: Sana'ar duba inganci na neman 'ya'yan Zango

Daga wakilinmu a Kumasi

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, kusan tambaya ɗaya ce iyaye ke bugo mana waya da ita a gidan rediyo, daga Aboabo da Asawase da Alabar, har da 'yan uwanmu da ke cin kasuwa a Paga da Bawku da Aflao: yaro ya ci kimiyya amma bai samu gurbin likita ba, to me zai karanta? A zangonninmu kamar an yi ittifaƙi cewa karatun boko uku ne, likita da lauya da akanta, wanda kuwa bai dace da ɗaya daga cikinsu ba sai ya dawo shago ya riƙe wa babansa littafin bashi.

Alhali akwai wata sana'a da ba mu cika jin sunanta a bakin iyaye ba, ita ce ta jami'in duba ingancin kaya a masana'antu, wato mutumin da ke da ikon cewa wannan kaya ba zai fita daga ƙofar kamfani ba, ko da motar ɗauka tana tsaye direba na danna oda. Ga Bahaushen Zango ma bai kamata aikin ya zama baƙo ba. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Gwanja da Asante zuwa Kano da Sakkwato sun san cewa idan aka yi sakaci sankara ta shiga huhu, to jarin shekara ya tafi, shi ya sa a kan hanya suke kwance huhu su zaɓe goron ɗaya bayan ɗaya, su sake ganye, su yayyafa ruwa, sannan su ɗaure. Bambancin da ke tsakaninsu da jami'in yau shi ne ma'auni da takarda.

Misali mafi kusa da mu shi ne koko. Hukumar koko ta Gana, wato COCOBOD, tana da reshe na musamman da ba ya saye ba ya sayarwa, aikinsa kawai duba kaya. Jami'ansa kan je rumbun da aka tara buhunan, su soka su ɗebi samfur, su auna danshi don kada ya wuce kashi 7.5 cikin ɗari, su tsaga ƙwayoyi su duba masu fumfuna da waɗanda ba su ruɓa yadda ya kamata ba, sannan su yanke daraja su buga hatimi. Idan kayan sun iso wurin karɓa a Kaase nan Kumasi, ko Tema ko Takoradi, sai a sake dubawa, kafin a loda a jirgi kuma a ƙara. Wannan naci ne ya sa kokon Gana ya daɗe yana samun ƙarin kuɗi a kan na wasu ƙasashe a kasuwar duniya. Da yawa daga cikin dattawanmu sun ci abinci da dakon waɗannan buhuna, amma 'ya'yansu ƙalilan ne suka riƙe hatimin.

Inda babu irin wannan ido kuwa, mun ga abin da ya faru. A watan Oktoba na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da barkono da yalo da wasu kayan lambu daga Gana saboda ƙwarin da ake samu a cikinsu, ba a ɗage haramcin ba sai ƙarshen 2017. A cikin 2015 ɗin dai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya, saboda yawan gubar maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka riƙa samu a ciki. Wanda ya zuba maganin a rumbunsa yana ganin dabara ya yi, amma manomi da dillali da mai mota da ɗan dako duk sun sha hukuncin tare da shi.

A masana'anta, aikin ya fi ƙarfin tsayawa a bakin ƙofa ana leƙen kwali. Jami'in inganci ne ke duba ɗanyen kayan da aka kawo tun kafin a zuba su a inji, shi ke tabbatar da cewa sikeli da ma'aunin zafi suna faɗin gaskiya, shi ke ɗebo samfur lokaci zuwa lokaci ya kai ɗakin gwaji, ya kuma rubuta komai. Lambar nan da kuke gani a jikin gwangwanin tumatir ko kwalin magani kusa da ranar lalacewa, ita ce ke nuna rukunin da aka yi kayan a ciki, ta yadda idan matsala ta ɓulla a kasuwar Sankasi za a iya bin sawu har a gano ranar da aka yi shi da injin da ya yi shi, a janye wannan rukunin kaɗai. Ɗan kasuwar da ya saro kayan da ba su da wannan lamba, ya sani cewa ranar da abu ya ɓaci ba shi da wanda zai kama. Manyan kamfanoni kuma kan nemi takardar shaida ta duniya mai suna ISO 9001, wadda aka fara fitarwa a 1987, kuma ba a ba da ita sai masu bincike daga waje sun zo sun kwance littattafan kamfani sun ga abin da aka rubuta shi ake yi.

A Gana hukumar da ke tsara mizanin kaya da ma'aunai ita ce GSA, wadda aka kafa a 1967, sai kuma hukumar abinci da magunguna ta FDA. Masu ketarawa Nijeriya sun san takwarorinsu, SON da NAFDAC, musamman tun zamanin marigayiya Dora Akunyili da ta sa masu jabun magani a gaba daga 2001. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda ofishinta ke Ankara, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta a Janairun 2021, rage haraji take yi, ba ta ɗauke wa kowa takardar inganci ba. A ganinmu ma, duk lokacin da haraji ya sauka, takardar ce za ta zama babban shinge a kan iyaka.

Akwai wani reshe na sana'ar da ya shafi Magazin ɗin Suame kai tsaye, inda dubban yaranmu ke koyon walda da kanikanci. Mai walda a Magazin idan ya gama ɗinki yakan ƙwanƙwasa da guduma ya duba da ido. A bututun mai da gas kuwa, ko tukunyar tururi, ko tankin dakon fetur, ido ba ya wadatarwa, domin ɗinki kan yi kyau a waje alhali cikinsa akwai kumfa ko tsagewa. Don haka ake ɗaukar hotonsa da haske mai ratsa ƙarfe kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ko a aika sauti cikin ƙarfen a saurari yadda zai dawo. Tun da Gana ta fara haƙo mai a rijiyar Jubilee a 2010, aka kuma gina masana'antar gas ta Atuabo, masu wannan ilimi suka ƙara daraja, kuma takardun shaidarsu mataki-mataki ne, mutum na iya hawa ko da bai taka jami'a ba.

Inda wannan aiki ya kai maƙura shi ne jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku da makamashin nukiliya. A cikin irin wannan jirgi akwai tukunyar da yuraniyom ke tsagewa a cikinta yana ba da zafi, zafin ya dafa ruwa, tururin ya juya farfela, kuma tun da wutar ba ta buƙatar iska, jirgin kan yi watanni bai leƙo sama ba, abincin ma'aikata ne kawai ke tilasta masa dawowa. Amurka ce ta fara, da jirgin Nautilus da aka saka a ruwa a 1954, wanda a 1958 ya ratsa ta ƙarƙashin ƙanƙarar da ke can ƙuryar arewacin duniya. Jagoran aikin shi ne Admiral Hyman Rickover, ɗan wani tela da ya yi ƙaura daga Folan, mutumin da ya yi suna wajen tsanani, har shi da kansa yake ganawa da kowane hafsa kafin a bar shi ya kusanci tukunyar.

Duk da haka, ranar 10 ga Afrilu 1963 jirgin Thresher ya nutse a Tekun Atlantika lokacin da ake gwajin zurfi, mutum 129 da ke ciki babu wanda ya fita. Kwamitin bincike ya karkata ga cewa mahaɗar wani bututun ruwan teku ce da aka liƙe da azurfa ta balle a ɗakin inji, ruwa ya fesa kan kayan lantarki, tukunyar ta kashe kanta, danshin da ke cikin iskar da za ta tura ruwa daga tankuna don jirgin ya taso kuma ya daskare ya toshe hanya. Abin takaicin shi ne, kafin tafiyar an gwada mahaɗai 145 da na'urar sauti, an samu kashi 14 cikin ɗari ba su kai mizani ba, amma sauran ba a bi su ba. Daga nan ne sojan ruwan Amurka suka kafa tsarin SUBSAFE, inda kowane ɗinki da kowane ƙarfe da ke tare ruwan teku sai an san wanda ya yi shi, da abin da ya yi amfani da shi, da wanda ya duba ya sa hannu. Jirgi ɗaya suka sake rasawa bayan haka, Scorpion a 1968, shi kuwa ba a kammala masa wannan tantancewa ba.

Sai dai mu faɗa wa iyaye gaskiya, domin kada wani ɗan damfara ya zo da fom. Sojan ruwan Gana da ke Sekondi da Tema ba su da jirgin nukiliya, haka na Nijeriya. Ƙasashe shida ne ke da su, Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin da Indiya. A Amurka sai wanda ke da takardar zama cikakken ɗan ƙasa ake ɗauka a wannan fanni, sannan ya yi karatu mai tsanani a makarantarsu da ke kusa da Charleston. Ke nan ƙofar ta jikokinmu ce da aka haifa a Bronx da makamantansu. Yaron da ke nan gida mai sha'awar injin jirgi, Jami'ar Harkokin Teku da ke Nungua ce gabansa.

Amma ilimin nukiliya kansa yana nan a gida, kuma ya daɗe. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana a 1963, Kwame Nkrumah ya aza harsashin cibiyarta a Kwabenya a Nuwambar 1964, juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka kunna wata ƙaramar tukunyar bincike ƙirar Sin mai ƙarfin kilowat 30, irin wadda aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004. Ba ta ba da wutar gida. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ruwa da abinci da ma'adinai. A wurin akwai kuma ɗakin da ake haska kaya don kashe ƙwayoyin cuta, hasken da ke hana albasa da doya yin tsiro a ajiya, abin da ya kamata masu sauke albasar Galmi su sa wa ido. Tun 2006 akwai makarantar digiri na biyu a fannin nukiliya a nan Kwabenya ƙarƙashin Jami'ar Gana, a 2015 aka yi dokar kafa hukumar sa ido kan harkar, a 2018 kuma aka kafa kamfanin da zai jagoranci gina tashar lantarki ta nukiliya. Duk ranar da aka fara wannan gini, masu walda da masu duba walda za a nema da yawa fiye da masu digirin digirgir.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah tana nan bayan Oforikrom, tafiyar mota ɗaya daga Aboabo, tana koyar da injiniyancin injuna da na sinadarai da na ƙarafa da kimiyyar abinci, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Kumasi ga mai son hanyar aikin hannu. 'Yan mata ma suna da wuri, musamman a ɗakunan gwaji na kamfanonin abinci da magani. Abin da ke yanke wa yawancin yaranmu hanya yana faruwa ne tun a aji uku na ƙaramar sakandare, ranar da ake cike takardar zaɓen makaranta da fanni, uba yana kan hanyar Paga, uwa tana Kejetia, yaro ya bi abokansa ya guje wa lissafi. Wanda bai ɗauki babban lissafi da fizis da kemistiri a babbar sakandare ba, da wuya waɗannan sassa na jami'a su karɓi takardarsa bayan shekara uku.