Opportunity (motar binciken duniyar Mars)

Opportunity wata motar bincike ce marar direba wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta aika zuwa duniyar Mars. Ta sauka a can ranar 25 ga watan Janairun shekarar 2004, ta kuma ci gaba da aiki har zuwa ranar 10 ga watan Yunin 2018. An tsara ta ne don ta yi aikin kwana 90 na Mars, amma sai ta shafe sama da shekara 14, ta yi tafiyar kilomita 45.16. A lokacin da aikinta ya ƙare babu wata mota da ta taɓa yin tafiya mai nisan wannan a wajen duniyar da muke ciki. An fi saninta da gano shaida a jikin duwatsu cewa ruwa ya taɓa kwanciya a doron Mars shekaru biliyoyi da suka wuce.

Asali

Mars ita ce duniya ta huɗu daga rana. A yau busasshiya ce mai tsananin sanyi, iskarta kuma ba ta da kaurin da zai bar ruwa ya kwanta a fili. Sai dai tun farkon shekarun 1970 kumbon Mariner 9 ya aiko da hotunan wasu kwaruruka masu kama da busassun koguna. Daga nan masana suka shiga neman sanin ko ruwa ya taɓa gudana a can, da tsawon lokacin da ya yi, domin duk wata halitta mai rai da aka sani tana buƙatar ruwa. Hoto daga sama ba zai iya yanke wannan hukunci ba, sai an je an duba duwatsun da kansu.

A shekarar 1997 wata 'yar ƙaramar mota mai suna Sojourner ta nuna cewa ana iya tuƙi a Mars, ko da yake tafiyarta duka kimanin mita 100 ce. A 1999 kuma NASA ta yi asarar kumbo biyu a jere a Mars, wato Mars Climate Orbiter da Mars Polar Lander. Bayan wannan asara, a shekarar 2000 hukumar ta yanke shawarar ƙera motoci biyu iri ɗaya, ta aika kowacce a rokarta daban zuwa ɓangarori biyu na duniyar, ta yadda idan ɗaya ta halaka ɗaya za ta saura. Cibiyar JPL da ke Pasadena a jihar Kalifoniya ce ta ƙera su, Farfesa Steve Squyres na Jami'ar Cornell ya jagoranci ɓangaren kimiyya. Ƙera motocin biyu da harba su da aikin watanni ukun farko ya ci kimanin dala miliyan 820. An samo sunayensu, Spirit da Opportunity, daga gasar rubutu ta 'yan makaranta wadda wata yarinya 'yar shekara 9 daga jihar Arizona ta lashe. Ma'anar Opportunity ita ce dama.

An zaɓa wa Opportunity wani shimfiɗaɗɗen fili mai suna Meridiani Planum, kusa da tsakiyar Mars. Dalili shi ne kumbon Mars Global Surveyor da ke kewaya duniyar ya hango ma'adinin hematayit mai yawa a wurin. Hematayit nau'in tama ne, kuma a duniyarmu sau da yawa a inda ruwa yake ne yake samuwa.

Ƙira da kayan aiki

Nauyin motar kilogiram 185 ne, tsayinta mita 1.5. Tana da ƙafafu shida, kowacce da injinta, an kuma haɗa su ta yadda za su ci gaba da taɓa ƙasa ko da ɗaya ta hau dutse. Iyakar gudunta santimita 5 ne a daƙiƙa, amma yawanci ba ta wuce santimita 1 saboda tana tsayawa tana duba gabanta.

Daga hasken rana take samun lantarki. Farantan sola da ke shimfiɗe a bayanta suna cajin batura biyu, kuma a farkon zuwanta suna samar da abin da zai kunna ƙwan lantarki mai wat 100 na kimanin awa 9 a kowace rana. An killace kwamfutarta da baturan a cikin akwati mai riƙe ɗumi, domin da dare sanyi kan kai kusan digiri 100 ƙasa da sifiri.

Tana ɗauke da kyamarori tara. Huɗu na kan wani dogon wuya don hangen nesa da zaɓen hanya, huɗu na ƙasa gaba da baya don ganin haɗari, ɗaya kuma na ɗaukar hoton dutse kurkusa. A gabanta akwai hannu mai gaɓoɓi, wanda ke riƙe da wannan kyamara ta kusa, da abin goge fuskar dutse don a ga cikinsa, da na'urori biyu da aka ƙera a birnin Mainz na Jamus: ɗaya na tantance sinadaran da ke cikin dutse, ɗaya na bambance ma'adinan ƙarfe.

Tashi da sauka

An harba Opportunity daga Cape Canaveral a jihar Florida ranar 7 ga watan Yulin 2003 a kan roka ƙirar Delta II, kusan wata guda bayan tashin Spirit. Bayan tafiyar wata shida da rabi ta shiga iskar Mars da gudun kimanin kilomita 19,000 a awa. Cikin minti shida aka rage wannan gudu: garkuwar zafi ta tare gogayyar iska, lema ta buɗe, manyan jakunkunan iska suka kumbura suka lulluɓe motar, sannan ƙananan rokoki suka kunnu. A haka ta faɗo ta yi ta tsalle kamar ƙwallo fiye da sau 20, har ta gangara cikin wani ɗan rami mai faɗin mita 22 da aka raɗa wa suna Eagle. Hotunan farko suka nuna shimfiɗaɗɗen dutse hawa-hawa a bangon ramin, 'yan mitoci kaɗan daga inda ta tsaya, wato irin dutsen da aka aiko ta nema.

Yadda ake tuƙa ta

Nisan Mars daga duniya yana canzawa tsakanin kimanin kilomita miliyan 55 da miliyan 400, don haka saƙon rediyo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Wannan jinkiri ya hana a tuƙa motar kai tsaye, domin kafin direba ya ga rami ya ba da umarnin tsayawa ta riga ta faɗa. Saboda haka aikin yini guda ake tsara mata gaba ɗaya.

Da la'asar ɗin Mars motar kan miƙa hotuna da bayanai ga wani kumbo da ke wucewa ta samanta, galibi Mars Odyssey, shi kuma ya turo su zuwa manyan eriyoyin NASA da ke Kalifoniya da kusa da Madrid a Sifaniya da kusa da Canberra a Ostireliya. Masana su zaɓi dutsen da suke so a duba. Direbobi kuma su haɗa hotunan su fitar da taswirar wurin mai nuna tudu da gangare, su rubuta umarni, su gwada shi a kwamfuta, sannan a aika kafin safiyar Mars. Idan fili a buɗe yake sai a ba ta adadin mitoci da inda za ta dosa. Inda hotuna ba su kai ba sai a bar ta ta zaɓi hanya da kanta, tana ɗaukar hoto tana kauce wa duwatsu. Ranar 20 ga watan Maris na 2005 ta yi tafiyar mita 220 a yini ɗaya.

Ranar Mars, wadda ake kira sol, ta fi ta duniya da minti 39 da daƙiƙa 35. A watanni ukun farko ma'aikatan sun bi agogon Mars, kullum lokacin fara aikinsu yana matsawa da kusan minti 40, har ya zagayo tsakar dare. Haka kuma duk bayan kimanin wata 26 rana kan shiga tsakanin duniya da Mars, sai a dakatar da aika umarni na kusan mako biyu.

Abubuwan da ta gano

A ramin Eagle motar ta tarar da ƙananan ƙwayoyi zagayayyu, girmansu kamar na ƙwayar dawa, wasu a cikin dutse wasu a warwatse a ƙasa. Gwaji ya nuna hematayit ne, kuma sun taru ne sannu a hankali a cikin dutsen da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya jiƙa. Ta kuma gano gishirin farar wuta mai yawa, har da ma'adinin jarosayit wanda ke samuwa a ruwa mai asid. Ranar 2 ga watan Maris na 2004 NASA ta sanar cewa duwatsun wurin sun taɓa jiƙa sharkaf da ruwa.

Bayan fitarta daga Eagle ta binciki wani dutse da aka kira Bounce, wanda sinadaransa suka yi kama da na wani rukunin duwatsu da suka faɗo duniyarmu daga sama, waɗanda masana ke cewa daga Mars suka fito. Cikin wannan rukuni akwai dutse mai nauyin kilogiram 18 da ya faɗo a Zagami da ke lardin Katsina a watan Oktoban 1962.

Daga watan Yuni zuwa Disamban 2004 ta yi aiki a cikin ramin Endurance, inda hawa-hawan dutse suka nuna cewa wurin ya taɓa zama tuddan yashi da ruwan ƙasa ke tasowa ya jiƙa, sannan ya janye. A watan Janairun 2005 ta ci karo da wani curin ƙarfe da nikel da ya faɗo daga sararin samaniya, na farko irinsa da aka tantance a wata duniya. Ta isa ramin Victoria mai faɗin kimanin mita 800 a watan Satumban 2006, ta yi shekara biyu tana bincike a bakinsa da cikinsa.

Daga nan aka nufi ramin Endeavour mai faɗin kilomita 22, tafiyar da ta ci kusan shekara uku har zuwa watan Agustan 2011. Duwatsun bakinsa sun girmi duk waɗanda ta gani a baya. A nan ta gano jijiyar jifsam, ma'adinin da ake sawa a siminti, wanda ruwa ya bari a tsagar dutse. A 2013 kuma wani dutse mai suna Esperance ya nuna alamar yumɓu, wanda ke samuwa a ruwa marar asid sosai. Wannan ya nuna cewa ruwan zamanin farko ya fi dacewa da rayuwa fiye da ruwan gishiri da asid da ya biyo baya. Motar ba ta ɗauke da na'urar gano halittu, aikinta ya tsaya ga tantance yanayin da aka yi a wurin.

Matsaloli da tsawon rai

An yi ƙiyasin kwana 90 ne bisa tunanin cewa ƙura za ta rufe farantan sola, kamar yadda hazon hunturu ke rufe faranti a kan rufin gida, ga shi babu mai gogewa. Abin da ya faru shi ne iska kan taso lokaci zuwa lokaci ta share ƙurar, lantarki ya dawo. A lokacin sanyin Mars kuma direbobi kan ajiye motar a gangaren da ke fuskantar arewa don farantan su kalli rana.

Tun kwanakin farko wata na'urar ɗumama hannunta ta ƙi mutuwa, tana shan lantarki duk dare, sai aka koma kashe kusan komai na motar da daddare. A watan Afrilun 2005 sitiyarin ƙafar gaba ta dama ya maƙale. A ƙarshen watan kuma ƙafafunta suka nutse a wani ɗan tudun yashi, sai da injiniyoyi suka kwaikwayi irin yashin a JPL suka gwada da wata mota irinta, kafin aka fitar da ita ranar 4 ga watan Yuni. Daga baya an riƙa tuƙa ta da baya a yawancin tafiye-tafiyenta don rage wa ƙafar gaban wahala. Ta tsira daga babbar guguwar ƙura ta watan Yulin 2007. Daga 2015 aka daina dogaro da ma'ajiyar bayananta da ta lalace, ya zama dole ta aiko da abin da ta tara kafin ta yi barci, in ba haka ba ya ɓace. Tagwaiyarta Spirit ta maƙale a ƙasa mai laushi a 2009, aka daina jin ta a watan Maris na 2010 bayan tafiyar kilomita 7.73.

Ƙarshen aiki

A watan Yulin 2014 Opportunity ta zarce nisan kilomita 39 da motar Tarayyar Sobiyet, Lunokhod 2, ta yi a duniyar wata a 1973. A farkon watan Yunin 2018, tana wani kwari a bakin Endeavour, guguwar ƙura ta taso har ta lulluɓe Mars gaba ɗaya. Rana ta koma kamar dare, lantarkin da farantan ke samarwa ya faɗo ƙwarai, abin da bai kai ya kunna ƙwai mai wat 100 na minti 15 ba. Saƙonta na ƙarshe ya iso ranar 10 ga watan Yuni, a sol na 5,111. Bayan ƙura ta lafa an aika mata umarni fiye da 1,000 cikin wata takwas ba amsa. Ranar 13 ga watan Fabrairun 2019 NASA ta sanar da kammala aikin.

Tasiri

Opportunity ta aiko da hotuna sama da 217,000. Hanyoyin tsara aikin yini da na tuƙi da aka goge a kanta da Spirit su ne motocin da suka biyo baya suka gada. Curiosity ta sauka a ramin Gale a watan Agustan 2012, Perseverance kuma a ramin Jezero a watan Fabrairun 2021. Dukansu biyu suna samun lantarki ne daga zafin sinadarin fulutoniyam, don haka ƙura ba ta yanke musu wuta. Tambayar da suke bi ta ɗoru ne a kan amsar da Opportunity ta bayar: tunda an tabbatar ruwa ya taɓa kasancewa a Mars, Curiosity na duba ko wurin ya dace da ƙananan halittu, Perseverance kuma na neman alamunsu tana tara samfurin duwatsu.