Sanƙarau Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Da zarar sanyin hunturu ya fara ja da baya, zafin bazara ya kunno kai, sai hankalin likitoci ya koma kan ciwon sanƙarau. Ƙasarmu tana cikin wani yanki ne da ya miƙe tun daga Senegal har Habasha, inda ciwon nan yakan tashi da rani, ya lafa in ruwan damina ya sauka. Manya ba su manta da shekarar 1996 ba, sa'ad da ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, mazauninta hanci da maƙogwaro. Mutane da yawa suna ɗauke da ita, lafiyarsu lau, amma in sun yi tari ko atishawa sai su ba na kusa da su. Ƙura da busasshiyar iska kuwa su ke raunana hanci da maƙogwaro, har ƙwayar ta sami ƙofa ta shiga jini, ta je ta kumbura 'yar fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Shi ya sa ɗakin da mutum goma suka kwana a ciki, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma, ya zama gonarta.

Akwai allurar rigakafi. Wadda aka fara yi a nan cikin 2011 ta karya lagon irin da ake kira A. Amma ƙwayar iri-iri ce. Cikin 2017 irin C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Cikin 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara aiki da sabuwar allura mai tsare iri 5. In masu allura sun zo gari, a fito da yara.

To, ga inda muka fi so a saurara. Yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, ba ya son haske, wuyansa ya sandare har haɓarsa ba ta iya taɓa ƙirjinsa. In jariri ne, wuyan ba lalle ya sandare ba, sai dai ya ƙi mama, maɗigarsa ta kumbura. Nan ne mukan ji an ce, "A bari mu ga safiya." Wannan magana ta binne yara da yawa, domin sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya, alhali kuwa yana jin magani in an kai asibiti da wuri. Waɗanda suka tsira ma, wajen ɗaya cikin biyar yakan tashi da tabo, kamar kurumta ko farfaɗiya. Ba mu ce kada a yi addu'a ba. A yi ta, amma a kan hanyar asibiti.

Malaman makaranta, musamman na makarantun kwana, ku riƙa zagaya ɗakunan yara da dare, ku buɗe tagogi, ku rage cunkoso. Yaron da ya kifa kai a kan tebur yana kukan ciwon kai da bazara, kada a ce lalaci ne. A taɓa goshinsa, a ce ya sunkuyar da kai.