Hanyar Bawku, Inda Ake Tambayar Fasinja Asalinsa

Ranar Alhamis 21 ga Satumba, 2023, 'yan kasuwa suka yi sammako daga Bawku, a arewacin Gana, za su cin kasuwar Sinkase, garin nan da ke bakin iyakar Togo da Burkina Faso. Tafiya ce gajera, irin wadda mace kan yi ta dawo ta ɗora tukunyar dare. Amma a lokacin al'amari ya riga ya lalace har mota ba ta iya fita ita kaɗai, sai an taru an jera, 'yan sanda sun yi rakiya. Haka aka yi a ranar. Suna cikin gundumar Pusiga 'yan bindiga suka yi musu kwanton ɓauna, suka buɗe wuta. Mutum 9 suka rasu, akasarinsu mata, wasu da dama suka ji rauni. Rakiyar tana nan, ba ta hana komai ba.

Duk wanda ya san kasuwannin bakin iyaka ya san irin matan nan. Jarinsu bai taka kara ya karya ba, yana ƙulle a bakin zane, kuma da shi ake ci da marayu, ake biyan kuɗin makaranta. Babu ɗaya daga cikinsu da za a taɓa naɗawa sarautar Bawku, babu wadda aka taɓa neman shawararta a kan wanda ya cancanci hawa. Amma saboda rigimar sarautar aka fito da motarsu cikin rakiya tun farko. Abin da ya ƙara mini nauyin labarin shi ne wurin da ya faru. Pusiga ce mazaunin Na Gbewa, kakan da sarakunan Mamprusi da Dagwamba da Nanumba suke jingina asalinsu gare shi, har yau kuma ana ziyartar wurin da aka ce ƙasa ta haɗiye shi.

Bayan shekara guda da wata ɗaya, abin ya sake faruwa a wata hanya, ta wata siga da ta fi muni. Ranar Lahadi 27 ga Oktoba, 2024, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka tare babbar hanyar Tamale zuwa Bolgatanga a kusa da Gbimsi, dab da Walewale. Wannan ba lungu ba ne. Ita ce hanyar da ta haɗa kudancin Gana da arewa, ta wuce Paga har Wagadugu, manyan motocin kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema suna bin ta dare da rana. Suka riƙa tsayar da motoci, suna yi wa fasinjoji tambayar ko su wane ne. Kafin jami'an tsaro su buɗe hanyar an kashe mutum 8, an ƙona motoci. Washegari gwamnati ta sa dokar hana fita a Bawku daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, alhali jinin a wani lardi dabam aka zubar da shi, can nesa da garin.

Tambayar nan ita ce ainihin abin tsoro. Mai fashi kuɗi yake so, ka ba shi ya tafi. Masu satar mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna, duk da mugun halinsu, fansa suke nema, kuma rayayye ake fansa. Amma wanda ya leƙo ta tagar mota ya ce wane ne ubanka, ina ne garinku, ba shi da abin da za ka miƙa masa. Sunanka da ke kan katin shaida, harshen da ya kuɓuce maka lokacin da ka firgita, tsagen da aka yi maka tun kana jariri, su ne za su yanke hukunci. Mutanen Najeriya ba baƙi ba ne ga irin wannan. A watan Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba cikin Jos, suna dawowa daga taron zikiri a Bauci za su jihar Ondo, aka kashe sama da mutum 20 da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Sai mutum ya dubi taswira zai gane irin tarkon da mutanen Bawku suka faɗa. Garin yana can ƙuryar arewa maso gabas, Burkina ta arewa, Togo ta gabas. Wanda zai fita zuwa Bolgatanga, wato Bolga, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, dole ya ratsa Binduri da Zebilla, ƙasar Kusasawa. Daga Bolga in zai gangara Tamale ko Kumasi ko Akara, dole ya bi ta Walewale, ƙasar Mamprusawa. Ke nan Bamamprushe yana tsoron rabin farko na hanyar, Bakusashe yana tsoron rabi na biyu. Babu wanda hanyar ta zama tasa daga farko har ƙarshe. Sauran mazauna garin kuwa, Hausawan zango da Mosawa da Busangawa da Bimoba, kowa sai an auna shi an ga ɓangaren da ake zaton ya karkata, ko da shi bai taɓa buɗe baki ya ce komai ba. Direba ma bai tsira ba. Direbobin albasa da ke tasowa daga Galmi a Nijar za su Kumasi, da yawa ta wannan yanki suke shigowa, su da ba su san ma sunan masu rigimar ba.

Tushen rigimar tsoho ne. A ruwayar Mamprusawa, tun ƙarni na 18 Nayiri, babban sarkinsu, ya aika 'ya'yan sarauta su zauna a Bawku da wasu garuruwa na kewaye domin su tsare hanyar fatake da ta taso daga ƙasar Mosi ta Tenkodogo ta gangara Gambaga. Kusasawa kuma suka ce ƙasar tasu ce tun kafin zuwan kowa, suna da masu kula da ita na gargajiya, kuma Turawan Ingila ne suka ɗora musu baƙo a kai a farkon shekarun 1930 don sauƙin mulki. A 1957, shekarar 'yancin kai, gari ya wayi da sarakuna biyu. Gwamnatin Nkrumah ta kafa kwamitin bincike, ta tabbatar da na Kusasawa, Abugrago Azoka. Sojojin da suka kifar da Nkrumah a 1966 suka fito da doka mai lamba 112, sarauta ta koma hannun Mamprusawa. A 1983 gwamnatin Rawlings ta fito da tata dokar mai lamba 75, ta mayar wa Kusasawa, aka naɗa Asigri Abugrago Azoka II a 1984. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 2003, shi ya ci gaba da zama a kan buzun. Gwamnatoci sun sha juya abin, shi ya sa kowane ɓangare ya koyi cewa hukuncin yau ba na dindindin ba ne, a jira zaɓe mai zuwa.

An yi faɗa a 2000 da 2001, an sake yi a ƙarshen 2007 zuwa 2008. Aka samu lafawa na wasu shekaru, sai wuta ta sake tashi a Nuwamban 2021. A Fabrairun 2023 Nayiri ya naɗa Alhaji Seidu Abagre a Nalerigu, mazaunin Nayiri, a matsayin sarkin Bawku, gwamnati ta ce naɗin haramtacce ne. Shigarsa Bawku a ƙarshen Oktoban 2024 ita ce ta zo kwana kaɗan kafin tare hanyar Gbimsi.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tarihin nan shi ne farkonsa. In dai ruwayar Mamprusawa haka take, to, sarautar Bawku don tsaron matafiyi aka kafa ta. Kakanninmu na cikin matafiyan. Fataucin Gwanja ya ɗauki ƙarnoni ana yin sa: ayari ya tashi daga Kano ko Katsina ko Jega da jakuna ɗaruruwa, ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu, ya yi watanni a hanya, ya dawo da goro. Wasu su bi ta Bargu da Sansanin Mango su faɗo Yendi, wasu su bi ta Gurma su ratso ta wajen Bawku da Gambaga, duka a haɗu a Salaga. Hanyar ba ta taɓa zama lafiya lau ba. 'Yan fashin Bargu sun yi suna, fatake kuma da makamansu suke tafe. Sai dai ayari yana da madugu, yana da jagaba. Madugu ya san sarkin kowane gari da abin da ake ba shi, ya san inda ake yada zango da inda ba a kwana. In an biya garama, sarki ya ɗauki nauyin ayari har ya fita ƙasarsa, domin in aka taɓa baƙo a hannunsa, baɗi fatake za su sauya hanya, shi ne da asara. Fasinjan bas na yau ba shi da madugu. Yana da tikiti, da direban da tsoronsa ya kai nasa, da addu'ar da aka yi masa a tasha, Allah ya kiyaye hanya.

Salaga kuwa ta riga ta nuna abin da ke samun gari in fatake sun sauya hanya. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 goro ya fara bin wasu kasuwanni, sannan yaƙin basasa na 1892, shi ma kan sarauta, ya watsa mutanen garin. Suka bazu Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. Malam Alhaji Umaru, Bakano da ya iso Salaga a daidai lokacin, a Kete-Krachi ya ƙare rayuwarsa a 1934. Salaga tana nan, amma ba ta sake zama abin da take ba. Bawku ma gari ne da kasuwa ta gina, albasarta da dabbobinta sun yi suna a duk Gana. Yanzu ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da yawa sun nemi a sauya musu wurin aiki, masu jari kuma sun kwashe sun yi kudu.

Matakan da hukuma ta ɗauka sun nuna yadda tsoro ya shiga kowace kusurwa ta zirga-zirga. An hana hawa babur a garin, saboda a kan babur ake zuwa a yi harbi a gudu. An hana saka fugu, babbar rigar saƙi da mutanen arewacin Gana ke alfahari da ita, saboda ana ɓoye bindiga a ƙarƙashinta. An kai ga dakatar da keke mai ƙafa uku da suke kira yalo-yalo. Ban ce babu dalili ba. Amma a garin da babur shi ne motar asibitin mai naƙuda, shi ne jakin manomi, wanda ya fi shan wuyar dokar ba shi ne mai AK-47 ba. Ga kuma Burkina can tsallaken iyaka tana fama da masu iƙirarin jihadi, 'yan gudun hijira suna shigowa, hukumomin Gana da kansu suna bayyana fargabar kada rigimar gida ta buɗe wa ta waje ƙofa. A ƙarshen Yulin 2025 abin ya kai har makarantun kwana: aka kashe ɗalibi a sakandaren Bawku, aka kashe biyu a ta Nalerigu, sai da aka kwashe yara aka kai su gida cikin rakiya.

Masu neman abin da zai kwantar da hankali sukan nuna Yendi, kuma suna da hujja. A ƙarshen Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani II, sarkin Dagwamba, a fadarsa tare da mutanensa da dama, a rikicin gidajen Abudu da Andani. Shekara 17 Dagwamba ba ta da cikakken sarki. Kwamitin manyan sarakuna uku, Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II da Nayiri da Yagbonwura na Gwanja, suka yi ta bin maganar har aka yi jana'izar marigayi Ya Na da ta tsaya, aka naɗa Ya Na Abukari II a Janairun 2019. Yau ana shiga mota daga Tamale zuwa Yendi ba a jiran soja. Shi wannan Sarkin Asante ne aka ɗora wa sulhun Bawku, ya kuma zauna da ɓangarorin a fadarsa ta Manhyia a 2025. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, in ji Hausawa, kuma na yi imani akwai dattawa a Bawku da Nalerigu da suka san haka fiye da ni.

Sai dai Yendi tana da wani darasin da ba a cika so a ambata ba. Mutum 15 da aka gurfanar kan kisan Ya Na, babbar kotu a Akara ta sallame su a Maris na 2011 don rashin isasshiyar hujja. An daidaita sarauta, amma ba a kama kowa da jinin ba. In sarki guda, da hukumar bincike da idon duniya a kansa, bai samu wanda aka hukunta dominsa ba, ina ga 'yar kasuwar da aka harbe a Pusiga? A teburin sulhu sarakuna ne ke zaune da lauyoyinsu da shugabannin matasa. Babu kujerar direba, babu ta mijin da ya je ɗauko gawa. Kuma muddin ana lissafa tare hanya a matsayin wani reshe na rigimar sarauta, abin da za a yafe wa juna ranar da manya suka sha hannu, to, yaron da ya riƙe bindiga a Gbimsi ko a hanyar Binduri ya san babu abin da zai same shi. Kisan fasinja kisan kai ne, kotun laifi ce wurinsa, ko wane ɓangare ya aikata. Mutanen da suka tsaya tsakiyar babbar hanya suna yi wa matafiya tambaya ba daga sama suka faɗo ba. Suna da unguwa, suna da masu ba su harsashi, kuma a garuruwan da ke bakin hanyar akwai waɗanda suka san su. Ya kamata gwamnatin Gana ta fito da sunayen duk waɗanda aka kashe a motoci tun 2021, Kusasawa da Mamprusawa da baƙi a takarda ɗaya, ta biya iyalansu diyya, ta kuma ba wa shaidu kariyar da za ta sa direba ya iya tsayawa gaban alƙali ya faɗi wanda ya gani.