Kafin a Kai Shi Dawanau

A Kano, idan mutum ya yi maganar da ba kai ba gindi, sai abokai su ce, "Wannan sai Dawanau." Sakkwatawa Kware suke ambata, mutanen Kaduna kuma Barnawa, duk wuraren da ke da asibitin ƙwaƙwalwa. Raha ce, amma ta sa iyalai da yawa sun gwammace su ɓoye majinyacinsu a ƙuryar ɗaki da a gan su a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa, musamman idan akwai 'yan mata a gidan da ake jiran manemansu su turo binciken aure.

Shi ya sa asibiti ke zama zangon ƙarshe. Da farko a ce iska ce, ko sammu. A yi rukiyya, a yi hayaƙi, a nufi wani mai magani da aka ce hannunsa ba ya kuskure. Akuya ta tafi, kayan ɗaki su bi ta. Sai ranar da majinyacin ya fasa wani abu ko ya fice ba riga, sannan a ɗaure shi a sa a mota. Wasu ma gidan mari ake miƙa su. A Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma galibi danginsu ne suka kai su da sunan gyaran hali.

Wanda ya isa asibiti zai tarar da layi, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Za a yanki kati, a jira. Likita zai tambayi barci da cin abinci, da ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, da ko yana shan wani abu, da ko an taɓa yin irin wannan a dangi. Nan ne masu rakiya ke fara rufa-rufa. Uba ya san ɗansa na shan wiwi ko Tramol, amma ya ce, "Likita, yaron nan ko sigari bai sani ba." Kunya ce, amma ita ke sa a bi hanyar da ba ita ba wajen magani.

Inda aka fi tuntuɓe kuwa shi ne bayan an koma gida. Wasu magungunan, irin su haloperidol, kan sa wuya ya sandare, hannu ya riƙa rawa, miyau na dalala. Uwa ta ga ɗanta a haka sai ta ce asibiti ya ƙara lalata shi, ta zubar da ƙwayoyin. Alhali likita na iya rage yawan maganin, ko ya canza shi, ko ya ƙara wani da ke sassauta jiki, in dai an koma an faɗa masa. Maganin ciwon damuwa kuma ba ya aiki dare ɗaya, yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi. Akwai kuma wanda da ya ji garau sai ya ce ya warke, ya daina sha, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo. Ga kuɗin mota da na magani kowane wata, mafi yawa daga aljihu. Wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, ya tambayi likita ko allurar wata-wata za ta dace da shi.

Ba kowane majinyaci ne ke ihu a titi ba. Maijegon da ta daina barci, tana kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar jaririnta, ita ma tana buƙatar likita, ba faɗan kishiyoyi da surukai ba. Haka magidancin da kasuwa ta karye masa ya shige ɗaki yana cewa rayuwa ta ishe shi. Irin wannan furuci ba a wasa da shi.

Doka ma ta sauya. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta fi mayar da hankali kan tsare majinyaci. Sabuwar ta ba shi haƙƙin a nemi yardarsa, a kuma rufa masa asiri. Aiwatarwa dai na tafiyar hawainiya. Jinya ba tare da tsarewa ba kuwa ba sabon abu ba ne, domin tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar mutum yana zaune cikin jama'a tare da danginsa.

Babu wanda ya ce a bar addu'a, a haɗa ta da asibiti. Idan Dawanau ko Kware ko Barnawa sun yi nisa, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen ƙwaƙwalwa, kuma likitan babban asibitin garinku zai iya rubuta muku takardar turawa. Ku je da wuri, ku faɗi gaskiya, ranar da aka ce ku dawo kuma ku dawo.