"Na San Halinta": Ciwon Sitiyari, Birki da Ƙafa a Tsohuwar A-Kori-Kura

Duk wanda ke bin kasuwannin ƙauye ya san a-kori-kura. Ita ke kai buhunan masara da gero kasuwar Dawanau, ita ke kwaso tumatir daga fadama, ranar biki kuma ita ke ɗaukar gara da 'yan rakiyar amarya. Wasu Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975, wasu kuma tsofaffin Hilux ne da suka gama wahala a wata ƙasa kafin su iso hannunmu. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Tsufa ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne kalmar nan da za ka ji a bakin direba in ka ce masa sitiyarin nan yana wasa: "Bar ta, na san halinta." Gaskiya ya faɗa, ya san halin nata. Ya san sai ya taka birki sau biyu kafin ya kama, ya san tana ja hagu don haka kullum hannunsa na danne da sitiyari ta dama. Matsalar ita ce ƙarfe ba ya lalacewa rana ɗaya, da kaɗan-kaɗan yake ci, hannun direba kuma yana biye da shi yana gyara masa zama, har a kai inda mai motar ya zama shi ne mutum na ƙarshe da zai gane motarsa ba ta da lafiya. Sabo turken wawa. Shi ya sa ake so a riƙa gwada mota da ido da hannu tana tsaye, kar a dogara da yadda ake jin ta a kan hanya.

A fara da sitiyari. Ka tsayar da motar a wuri mai baje, tayoyin gaba su miƙe. Ka juya sitiyarin a hankali hagu da dama, kana kallon tayar gaba ta taga. Tazarar da sitiyari ke yi kafin taya ta motsa ita ce wasan. Littattafan gyaran tsofaffin Hilux sun sa iyakarsa a milimita 30, wato kamar faɗin yatsu biyu. In ka ga sai ka juya kusan tafin hannu guda kafin taya ta amsa, akwai magana.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Makanike mai gaggawa zai ɗauko sufana ya nufi akwatin sitiyari ya ɗaure notin da ke samansa, ya ce maigida an gama. Sitiyari ya yi tauri, mai mota ya ji daɗi. Amma sau da yawa wasan ba daga akwatin yake ba, daga ƙasa yake, a gaɓoɓin da ke tsakanin akwatin da taya. In aka matse akwati fiye da kima, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana, haƙoran ciki su riƙa cin juna, ainihin ciwon kuma yana nan inda yake. Ƙa'ida ita ce a faro daga taya a hauro, akwati shi ne na ƙarshe.

Ga yadda ake yi, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a kujerar direba yana kaɗa sitiyari hagu da dama ba tsayawa, tayoyi na ƙasa, ɗayan ya leƙa ƙarƙashi ya ɗora hannu a kan kowace gaɓa: kan tayarod na ciki da na waje, hannun da ke saukowa daga akwatin sitiyari, da ɗan'uwansa mai riƙe ɗaya ɓangaren. Gaɓa mai lafiya tana tafiya tare da abin da aka haɗa ta da shi. Wadda ta ci za ka ji tana ƙwas-ƙwas a tafin hannunka, ɓangare ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya biyo. Ka duba robar da ke rufe gaɓar. In ta yage, giris ya fita, ƙurar hunturu da laka sun shiga, ko ba ta fara wasa ba kwananta ya kusa. Ka kuma dubi inda aka ɗaure akwatin a jikin shasi, domin a motar da ta daɗe tana cin ramuka notocin kan saki, wani lokaci shasin ma ya tsage a wurin. Ita 504 sitiyarinta na rak ne, ba irin akwatin Hilux ba, sai a duba robobin gefe biyu da kawunan rak ɗin.

Daga nan a ɗaga ƙafar gaba da jak. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin yarda ba ne, yana fashewa ba sallama. A sa ƙarfen tokare ko gungumen katako mai kauri. Ka kama tayar hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ka girgiza. In ta yi motsi, ka sa yaronka ya danne birki ka sake girgizawa. Motsin ya ɓace? Boris ne. Yana nan? Boljoyin ne. In kuwa ka kama ta gefe da gefe ne ta yi motsi, ka koma kan tayarod. Boljoyin ba abin da za a ce sai an dawo daga kasuwa ba ne. In ya cire, ƙafar ce gaba ɗaya ke kwantawa, kuma duk mai yawan tafiya ya taɓa ganin mota a bakin titi tayarta ta lanƙwashe ƙarƙashin bodi.

Birki kuwa ƙafarka ce za ta fara gaya maka. Kafin ka tada mota, taka shi sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ka danne, sannan ka kunna injin. Ya kamata ka ji fedar ta ɗan sauka. In ba ta sauka ba, tulun nan baƙi da ke bayan masta, mai ƙara wa ƙafa ƙarfi da iskar da injin ke zuƙa, ya daina aiki ko tiyonsa ya fashe. Irin wannan motar birkinta na da tauri amma ba ya kamawa. Bayan haka ka danne fedar ka riƙe na kamar rabin minti. In tana nutsewa a hankali, mai na zuba a wani wuri, in kuma ba ka ga jiƙa a ko'ina ba, robobin cikin masta ne suka gaji. Feda mai laushi da sai an yi ta famfo kafin ta tashi, ko dai iska ta shiga layi, ko takalman birkin baya sun yi nisa da dorom suna neman saiti. Motar da ke fizgewa gefe guda in an taka, wata ƙafa ce ta maƙale, ko man gindin mota ya ɓullo ta sil ya jiƙa lainin. Ka leƙa bayan kowace taya, in ka ga danshi baƙi ƙura ta manne masa, ka gano wurin.

Abubuwa uku ake yi wa birki a garejinmu da tashoshinmu waɗanda ya kamata a kira su da sunansu. Na farko zuba ruwan omo a madadin man birki. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa sabon man birki mai lamba DOT 3 sai ya kai aƙalla 205, DOT 4 kuma 230. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, birkin mota mai kaya yana yin zafin da ruwa zai zama tururi a cikin layi, feda ta tafi ƙasa ba ta riƙe komai ba. Ko man na gaskiya yana shan danshin iska a hankali, ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa ake son a juye shi a sa sabo duk bayan shekara 2. Baƙin mai ko man sitiyari kuma ba sa shiga can, kumbura robobi suke yi. Na biyu, toshe layin ƙafar da ke yoyo da ƙusa, a ce an kashe ƙafa ɗaya har a isa gida. Galibi ba a komawa kanta. Na uku, kashe injin a gangara don tsimin mai. Injin na mutuwa, tulun nan ya rage da taku biyu ko uku, daga nan sai ƙarfin cinyarka, in motar mai sitiyarin mai ce shi ma ya ƙage. Gangara da ƙaramin giya ake saukarta. A kuma tuna cewa in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da mota ninki huɗu yake yi.

Sai ƙafa, wato sufurin da shokozoba da bushin. Yawancin waɗannan motoci an yi su ne don ɗaukar tan ɗaya ko kusa da haka, buhu 10 ke nan mai kilo 100, in ba fasinja. Kowa ya san abin da ake lafta musu. Ka ja da baya ka kalli motar ba kaya. In ta karkata gefe guda, ko sufurin ɗin baya ya miƙe ya daina lanƙwasa sama, ya gaji. Ka ƙirga ganyayyakinsa ka nemi wanda ya karye, galibi kusa da tsakiya ko kusa da ido. Ka duba notin tsakiya da ƙarafunan nan masu siffar U da ke ɗaure shi da gindin mota. In notin tsakiya ya karye, gindin ya zame, motar ta riƙa tafiya a kaikaice kamar kare mai sassarfa, kuma wanda ke biye da kai a baya ya fi ka ganin haka. Shokozoba in yana zubar da mai ya mutu, kuma tayar da ta ci rami-rami a zagaye shaida ce cewa tsalle take yi a kan kwalta. Tayar da ke tsalle ba ta riƙe ƙasa, don haka birki da sitiyari duk sun rage amfani.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. A yawancin tsofaffin Hilux akwai wani ɗan bawul a baya mai doguwar sanda da ke haɗe da gindin mota. Aikinsa ya auna yadda kaya suka danne motar, ya ƙara ko ya rage ƙarfin birkin baya. In aka kai mota wurin mai sufurin ya ƙara mata ganye biyu ko uku don ta ɗauki lodi, baya ya daina sauka yadda aka tsara, bawul ɗin ya ɗauka ba kaya, ya hana ƙafafun baya cikakken birki alhali mota na cike. Ƙarin ganye bai ƙara wa birki girma ba, bai ƙara wa boris ko shasi ƙarfi ba. Duk wanda ya ƙara sufurin, ya sa a sake saita wannan bawul.

Kan kayan gyara, in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a tambaye ka, sabo ko na Beljiyom? Fitila da ƙofa da madubi, sayi na hannu ba komai. Amma boljoyin, kan tayarod, tiyon birki da robobin masta, nemi sabo mai kyau, don gajiyar da ke cikinsu ido ba ya gani. Taya ma ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara 4, ko da zanenta bai ci ba.

Alaimen shi ne aikin ƙarshe, bayan an canja duk abin da ya ci. Wanda ya kai mota alaimen da tayarod mai wasa, ramin farko da ya faɗa zai ɓata saitin, kuɗinsa ya tafi a banza.