Sayen Dokin Tafiya a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi kudu, ta ratsa Boɗinga ta wuce Shagari, ya san ƙasar nan ta saba da doki tun da daɗewa. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, zamanin da babu abin hawan da ya kai doki daraja. Yau mota da babur sun karɓe aikinsa, har ba a cika tunawa da shi ba sai ran hawan Salla. Amma fa har wa yau akwai masu bukatarsa don zuwa gona da ƙauyuka, tun ba da damina ba, sa'ad da taɓo kan tsare babur.

To, ga inda masu saye ke kuskure. Dokin hawan Salla daban, dokin tafiya daban. Sai mutum ya ga ingarma, akawal ko kili, yana rawa a fili, ido ya ruɗe shi, ya biya. Ran da ya doshi fadama, doki ya ga ruwa ya turje, ko ya ji ƙarar babur ya zabura ya ka da shi. Ke nan ga hasarar dukiya, wataƙila ga karaya.

Maganin wannan shi ne a sayi na kusa. Dokin da aka yi kiwonsa a ƙauyen maƙwabta, kowa ya san halinsa, ko mai cizo ne, ko mai harbi, ko ya taɓa gurguncewa. Wanda aka kawo daga nesa kuwa, ko an ce ɗan Azbin ne ko na Barno, ba shi da mai shaida sai dillalin da ke jiran la'ada.

In an tashi dubawa, a fara da baki, gama haƙori ba ya ƙarya. Duƙushi yakan famshe haƙoransa na tsakiya yana da shekara 2 da rabi, na biye a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika, doki ya isa aiki. Sa'an nan a shafa ƙafafu a ji ko da kumburi, a ɗaga kofato a duba tsaga. A sa a sauke sirdi, domin jalala mai ado takan ɓoye miki.

Bayan haka mai saye ya hau da kansa, kada ya yarda da cinikin biri a sama. Ya bi da shi cikin rairayi da kan tsakuwa, ya ratsa ruwa, ya gitta titi, ya ga ko zai yi taƙama mai nisa ba tare da haki ba. In da sauran shakka, a kira ma'aikacin dabbobi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma tana da asibitin dabbobi a Sakkwato.

Daga ƙarshe, kowa ya auna rumbunsa tukuna. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, amma dawa da dusa da harawa da kanwa kullum ne, rani da damina. In ciniki ya faɗa, a yi shi gaban shaidu, da sanin mai unguwa, don gudun dokin sata. Allah ya sa mu dace, amin.