Aikin katun a Japan: abin da ya kamata iyaye da matasa su sani kafin a sayar da gona



Duk wanda ya taɓa zama a rumfar cajin waya ya ga yara sun yi cincirindo kan salula guda suna kallon Naruto, One Piece ko Dragon Ball. Waɗannan finafinan zane, wato katun, daga ƙasar Japan suke fitowa, can ana ce musu anime. Cikin yaranmu akwai masu hannun zane, sun cika bayan littafin lakkol da hotunan jaruman. Wani har ya fara cewa shi ba Abijan zai tafi ba, Tokyo zai je ya yi wannan aiki. Buri ba laifi ba ne. Amma tunda tafiya a nan Adar takan ci rago, wani lokaci har gona, ya kamata mu san abin da ke can tukuna.

Yadda aikin yake

Fim hotuna ne da ke wucewa da sauri, 24 cikin daƙiƙa guda. A katun ɗin Japan na talabijin, zane 8 zuwa 12 ake yi wa daƙiƙa guda in akwai motsi, shi ya sa kashi ɗaya mai minti ashirin da ɗoriya yakan ci zane dubu uku ko fiye. Ƙwararru ne ke zana manyan motsi, misali farkon naushi da ƙarshensa. Sabon shiga kuwa aikinsa cike tsakani: ya bi layin wani, ya maimaita, takarda bayan takarda. Ba labarinsa ba ne, ba jaruminsa ba ne.

Yawancin masu cike tsakani ba albashin wata ake ba su ba, kuɗin takarda ne. Farashin da aka daɗe ana biya shi ne wajen yen 200 kowane zane, abin da bai kai jika guda ta sefa ba. Zane mai wuya kuma yana iya cin awa ɗaya a hannun sabon shiga.

A 2015 ƙungiyar masu zane ta Japan, JAniCA, ta fitar da binciken da ya nuna masu cike tsakani na samun kimanin yen miliyan 1.1 a shekara. In aka juya zuwa sefa a canjin lokacin, ya haura miliyan biyar. Mun san wani zai ce, "Kai! Ai wannan arziki ne." To a yi hankali. In an raba wata goma sha biyu, yen dubu casa'in da ƴan kai ke nan, alhali hayar ɗan ƙaramin ɗaki a Tokyo na iya cin yen dubu sittin. Saura abinci, jirgin ƙasa, wuta da inshorar lafiya. Me zai rage da za a aiko gida? Ƴan biɗa sun fi kowa sanin wannan lissafi: kuɗin waje a kunne yake da yawa.

Ba mu kaɗai ke wannan mafarki ba. Wani Ba'amurke, Henry Thurlow, ya koyi Japananci, ya samu shiga kamfanonin katun a Tokyo. A 2015 ya fito ya bayyana cewa kwana shida yake aiki a mako, awa goma ko fiye a yini, kuma a wurin da ya fara abin da yake samu a wata bai taka kara ya karya ba. Wannan fa mutum ne da ya riga ya yi karatun zane a ƙasarsa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Sana'ar ba ta talauce ba. A 2023 kasuwar anime ta haura yen tiriliyan 3, fiye da rabi daga ƙasashen waje. Sai dai masu zuba jari, wato gidajen talabijin, masu buga littattafai da masu sayar da kayan wasan yara, su ke riƙe da haƙƙin mallaka, su ke kwasar riba. Kamfanin zane sau da yawa ɗan kwangila ne kawai. Manomin albasa a fadamar Tamaske ko Galmi zai gane zancen nan: kuɗin buhu a bakin gona daban, kuɗinsa a kasuwar Abijan daban. Ban da haka, an daɗe ana tura aikin cike tsakani zuwa Koriya ta Kudu, Sin, Filifin da Biyetnam inda ya fi araha.

Gaskiya ne abubuwa sun ɗan gyaru a shekarun nan saboda ƙarancin ma'aikata, kuma akwai kamfanoni irin su Kyoto Animation da ke biyan albashin wata. Akwai ma baƙin da suka yi nasara, kamar Arthell Isom, baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe kamfaninsa a Tokyo a 2016. Amma sai da ya shafe shekaru yana karatu da aiki ƙarƙashin wasu a can.

Kafin a kai ga teburin zane

Na farko harshe. Aikin da Japananci ake yin sa, kuma rubutunsu na yau da kullum yana da alamomi sama da 2,000. Faransanci ko Turanci ba za su wadatar ba.

Na biyu biza. Japan ba Libiya ba ce da za a bi ta Agadas a mota, tsibirai ne. Bizar irin wannan aiki tana buƙatar kamfanin da ya ɗauke ka, da digirin jami'a ko takardar makarantar sana'a ta Japan, ko shekaru masu yawa na ƙwarewa. Ofishin jakadancin Japan da ke kula da Nijar a Abijan yake. Saboda haka duk wanda ya turo saƙo ta WhatsApp ko Facebook cewa a aiko kuɗi zai samo wa yaro aikin katun, a yi nesa da shi. Ƴan'uwa na Abijan, in an roƙe ku kuɗin irin wannan tafiya, ku fara zuwa ofishin ku tambaya da bakinku.

Mutumin da ya yi a Tawa

Abin da yawancin yaranmu ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka ta kudu da Sahara ɗan Nijar ne, kuma a Tawa ya zauna shekaru masu yawa. Shi ne marigayi Moustapha Alassane, an haife shi a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015. Makanike ne tun farko. Ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro ilimi wajen Norman McLaren, sannan ya dawo gida.

A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, yana yi wa masu mulki ba'a. A Kokoa kuwa ƴan tsana ya haɗa da hannunsa, dabbobi suna kokowa irin tamu. Akwai kuma Le Retour d'un aventurier, wanda mutane ne suka fito a ciki: saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokai, suka bi abin da suka gani a fim har suka hargitsa garinsu. Shekara kusan sittin ke nan, amma kamar don yaranmu na yau ya yi shi.

Alassane ya je waje, amma koyo ya je yi, kuma labaran gida ya zana, su ne suka kai sunansa duniya.

To me za a yi wa yaro mai hannun zane?

Kada a tsage masa takarda, kada kuma a sayar da gona. A bar shi ya gama lakkol, don ko biza ma takarda take tambaya. Ya riƙa zana abin da ke gabansa: raƙumi, ƴan kokowa, mata a bakin rijiya, ba kwafar Naruto kaɗai ba. Akwai manhajojin kyauta da ake haɗa motsi da su a salula, har ma da ƴan tsana na laka. Yanzu kuma wasu kamfanonin Japan na ba masu zane na ƙasashen waje aiki ta intanet bayan sun ga hannunsu, ba tare da sun taka Tokyo ba. Ɗan'uwan da ke waje, in yana son taimakawa, waya mai kyau da ƙaramin sola sun fi kuɗin ɗan damfara amfani.

Iyaye da matasa na Keita, Buza da Madawa, in akwai mai zane a gidanku, ku kawo mana aikinsa gidan rediyo mu gani, mu kuma ji ta bakinsa. Allah ya ba yaranmu sana'a mai albarka.